Ƙafa Huɗun da Suka Ɓace a Ɗakin Inna

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Batsari, amma ladan bai kira magariba ba tukuna. Lokacin nan ne da kaji ke shiga akurki da kansu, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa a tsakar gida, iyaye mata na ƙwala wa yara kira su shigo. Malam Mannir na tsugune bakin rariya yana alwala, jar ƙasar bangon da ya wuni yana rushewa tana bin ruwa tana gangarowa ta gwiwar hannunsa. Matarsa Zuwaira na bakin murhu tana tuƙa tuwo. 'Yarsu ta fari, Zakiyya, mai shekara sha huɗu, ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin da aka yi aikin don ta share sauran ɓurɓushi.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi da ƙarfi, ya gangaro, ya dire a tsakar gida.

Mannir ya ɗaga kai ya ce yaran unguwar nan ba su da tarbiyya. Bai rufe baki ba na biyu ya faɗo dab da butarsa, ya tarwatse. Ya kai hannu ya ɗauki ɓari guda ya juya shi. Hogen ƙasa ne, gefe ɗaya da shafen siminti da koren fenti, irin fentin bangon da ya rushe. Shi da kansa ya kwashe ɓaraguzan nan a baro tun kafin la'asar, sahu bakwai, ya kai su kududdufin bayan unguwa ya zubar cikin ruwa. Wanda ke hannunsa kuwa jiƙe yake sharkaf, har da gansakuka. Zuwaira ta saki muciya ta zuba masa ido.

Kafin a ji abin da ya biyo baya, sai an san yadda aka yi mutumin ya kai ga ɗaukar guduma.

Malam Mannir malamin lissafi ne a makarantar firamare, mutumin wani ƙauye a ƙasar Ruma. Da 'yan bindiga suka shiga garinsu karo na uku, ya kwashe iyalinsa ya yo Batsari, kamar yadda dubban mutane suka yi a shekarun nan na tashin hankali. Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta ce ba inda za ta. Ba za ta je birni ta kwana a tabarma cikin jikoki tana takura wa surukarta ba. In dai ana son ta taso, to a sama mata ɗakin da zai ci gadonta na ƙarfe da buhunan geronta shida, don ita ba ta rabuwa da abincinta. Duk ranar da aka ce an ji harbi ta wajen Ruma, Mannir ba ya iya haɗiye loma. Wannan ya sa ya sayar da babur ɗinsa da rabonsa na gona, ya shiga neman gida.

A bangon wani gida a gefen gari ya ga an rubuta da baƙin mai: na sayarwa, ɗaki biyu da zaure, kowane ɗaki ƙafa sha huɗu da sha biyu. Dillalin, wani mai zaƙin baki da ake kira Haliru, ya zagaya da shi yana buga bango da tafin hannu yana cewa ginin da ne, ba irin na yanzu da iska ke turewa ba. Mannir ya yi lissafinsa a ka: ɗaki guda shi da Zuwaira da ƙananan yara, ɗayan Inna da Zakiyya, ga gado ga gero har da wurin shimfiɗa sallaya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idonsa ya faɗa masa ɗakin na biyu ya yi tsukuku. Sai dai masu neman gida sun fi gidajen yawa, wasu mutum biyu na tsaye a ƙofa suna jiran ya ce a'a. Ya biya.

Ranar da suka tare ya ciro tef ɗin awo daga jakar makaranta. Mannir irin mutanen nan ne da ko tsire ya saya sai ya ƙirga yanka. Ɗakin farko ya ba shi sha biyu da goma. Na biyu ya ba shi takwas da goma. Ya sake ja, takwas dai. Ya fita waje ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, sha huɗu cif.

Ya sami Haliru a rumfar dillalai ya zazzage masa. Haliru ya saurara har ya gama, sannan ya yi murmushi. "Malam, ai gida daga waje ake awonshi. Bangon ba naka ba ne? Shi ma ka saye shi. Ƙafa guda nan, ƙafa guda can, ka ga biyu sun tafi."

Mannir ya ce ya ji wannan, ko da yake ba wanda ke kwana a cikin kaurin bango. To ina sauran ƙafa huɗun ɗaki na biyu?

Nan murmushin ya ɗauke. Haliru ya dubi ƙasa, ya ce wancan ɗakin a bar shi yadda aka gan shi, mutum uku sun zauna gidan kafin shi kuma ba wanda ya taɓa kuka. Ya miƙe ya ce ana jiransa a kasuwa.

Da Mannir ya koma ya ƙwanƙwasa bangon gabas na ɗakin, sai ya ji ya amsa kamar ganga. Murna ta kama shi. Zuwaira ta ce ita hankalinta bai kwanta ba, magina ba sa toshe wuri haka kawai, ya dai tambayi tsofaffin unguwa. Ya ce mata tsofaffin unguwa ba su suka biya kuɗin gidan ba. Ƙafa sha huɗu aka rubuta, kuma Inna na can bakin daji saboda rashin ƙafa huɗun nan. Ranar Asabar da safe ya aro guduma.

Bango ne na biyu, kaurinsa ƙafa guda, bayansa kuma wani lungu mai faɗin ƙafa uku, ba ƙofa ba taga. Da guduma ta huda, wata iska mai sanyi ta fito ta bugi fuskarsa, mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Ba tukunyar kuɗi a ciki, ba ƙashi, ba laya. Kututturen tsamiya ne kawai a tsakiya, an sare shi daidai gwiwa, ya yi baƙi don tsufa. Abin da ya ɗan tsaya masa a rai shi ne ƙasan wurin. Babu yana, babu kashin ɓera, kuma ga shatin tsintsiya a jere a kan turɓaya kamar yanzu aka gama shara. Ya tsaya ya duba, ya ce iska ce, ya ci gaba da duka.

To, ga shi yanzu tsugune da jiƙaƙƙen hoge a hannu, ladan ya ɗaga murya, kuma daga cikin ɗakin ƙarar tsintsiyar Zakiyya ta ɗauke.

Ya leƙa. Ɗakin ya fara duhu. Yarinyar na tsaye a inda tsohon bangon yake, tsintsiya yashe a ƙasa, ɗankwalinta ya zame. Tana taku a hankali, dugadugin wannan ƙafa na taɓa yatsun waccan, tana ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta isa bango ta juyo ta sake. Muryar da ke ƙirgar ba tata ba ce. Muryar tsohuwa ce, busasshiya, mai fita ta hanci.

Zuwaira ta kira sunanta ta bayan kafaɗarsa. Yarinyar ta tsaya, ta juyo da kai kaɗai, jikin bai bi ba. Idanun a buɗe suke amma ba kowa a cikinsu. Ta dubi Mannir ta ce, "Kai ne mai awo?"

Tsoron da ya ji ranar da aka shiga ƙauyensu bai kai wannan ba, don waccan ranar akwai inda za a gudu.

Kwana uku aka yi a haka. Da rana Zakiyya na kwance kamar tsumma, ba ci ba magana, jikinta sanyi ƙalau. An kai ta asibiti aka auna jini aka ce ba zazzaɓi. Da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai ta miƙe, ta nufi ɗakin, ta kama taku da ƙirga, hoge kuma ya shiga sauka kan kwano ɗaya bayan ɗaya har a idar da sallar magariba. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Zuwaira ta kai ƙananan gidan wata ƙawarta, ta dawo ta zauna bakin ƙofa tana karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi har muryarta ta dushe. Ba ta taɓa ce wa mijinta ai na faɗa maka ba, kuma shirun nan ya fi masa zafi. A rana ta uku yarinyar ta kwanta jikin kututturen ta naɗe kamar mage. Maza huɗu suka taru su ɗaga ta, ko motsi ba ta yi ba. Tafin ƙafafunta duk sun tsattsage saboda taku.

Limamin unguwa ne ya ce a nemo Malam Daudu na Zakka, can ƙasar Safana. Hanyar ba ta da daɗin bi a lokacin, amma Mannir bai tsaya tambayar lafiyarta ba. Ya hau ɗan acaɓa da hantsi, kafin azahar ya dawo da wani tsoho ɗan siriri mai farin gemu, riƙe da buta da carbi. Malam Daudu bai fara ta kan yarinyar ba. Ya tsaya ƙofar ɗakin ya yi sallama, ko da yake ba mai amsawa, ya daɗe yana duban kututturen. Sannan ya ce wa Mannir magina na da, in suka sare tsamiya don gini, ba sa tumɓuke ta. Sukan kewaye gindin su bar wa masu wurin rabonsu, kowa ya zauna lafiya. Ya tambaye shi ko ba wanda ya gaya masa. Mannir ya sunkuyar da kai ya ce an so gaya masa.

Bayan la'asar Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin. Ya zauna dab da kan yarinyar, ya sa Zuwaira ta lulluɓe ta da mayafi ta riƙe mata ƙafa, Mannir kuma ya tsaya daga ƙofa. Ya fara karatu a hankali, ba gaggawa, yana tofawa a ruwan buta yana yayyafawa. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Unguwar ta yi tsit, ko kukan akuya babu. Can sai mayafin ya fara rawa, wani gurnani ya taso daga ƙarƙashinsa, yarinyar ta tashi zaune ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ni ba kafira ba ce."

Malam Daudu ya ce in musulma ce, me ya kai ta jikin 'yar mutane?

Muryar ta ce ita tana tsamiyar nan tun garin bai iso nan ba. Da aka zo gini, magini Mani ya yi mata sallama, ya bar mata ƙafa uku, ba ta taɓa tsorata ko jariri ba. Shekara talatin da wani abu tana share wurinta. "Sai wanga ya zo da igiyar awonshi. Gudumarshi ta farko a ƙafar uwata ta sauka."

Malam ya ce ashe ba ita kaɗai ba ce.

Yarinyar ta yi wata dariya marar daɗi, wadda ta ƙare kamar kuka. "Ku kuna zaton ku kaɗai kuka gudo? An sare itatuwanmu a daji, an ƙone sauran, ƙarar bindiga ta hana ɗiyanmu barci. Dangina duk sun taho wurina. Mu goma sha tara ne cikin ƙafa ukun ga, Malam. Yanzu kuma ba bango, bil'adama na kallonmu, tsohuwa na kwance da karaya."

Mannir ya dubi ɗan lungun da babu komai cikinsa sai kututture, ya ja ƙafarsa baya daga dokin ƙofa.

Malam ya ce an yi mata ba daidai ba, amma bisa jahilci aka yi, kuma yarinya ba ta ɗauki guduma ba. Ta faɗi abin da zai raba. Muryar ta ce yarinyar ta iya shara, a bar mata ita ta yi wa tsohuwa jinya. Zuwaira ta saki wani sauti ta ƙanƙame ƙafafun 'yarta. Malam bai ɗaga murya ba, ya ce wannan zalunci ne kuma ta sani, ya kai hannu ga buta zai koma karatu. Muryar ta yi saurin cewa to a bar musu ɗakin gaba ɗaya, a toshe ƙofa. Malam ya ce ɗakin nan wata tsohuwa ake tanadar wa, tana can Ruma bakin daji, ita ma ƙarar bindigar ce ke hana ta barci.

Sai da ladan ya fara gyaran murya a lasifika sannan yarinyar ta yi magana, kuma wannan karon Mannir take kallo.

"Ƙafa huɗu. Uku nawa na da, guda na karayar uwata. Kuma awon ciki nike so, ba awon dillali ba. Wurin da za a taka, huɗu cif. Kaurin bango a cikin rabonka zai fita. Kai za ka gina da hannunka, kafin magaribar gobe."

Ko a wannan hali kan malamin lissafi bai daina aiki ba. Sha biyu a cire huɗu, a cire ɗaya na bango, saura bakwai. Ya rushe bango don ya sami ƙari, ga shi zai tashi da ƙasa da abin da ya tarar. Gado zai shiga da ƙyar, gero ba zai shiga ba, kuma bai san ko Inna za ta yarda ta taso ba. Malam Daudu ya waiwayo yana jiran amsarsa. Mannir ya dubi tsattsagaggun ƙafafun da ke hannun Zuwaira. Yarinyar nan 'yar fari ce, tun haihuwarta bai taɓa kama sunanta ba saboda kara, sai dai ya ce ke, ko ya ce yarinyar nan. Ya ce, "Na yarda. Ko gidan duka ne na yarda. Ki sakar mani Zakiyya."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan cewa ba za ta sake komawa jikin kowa a gidan ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Jikin yarinyar ya sandare, ƙafar hagu ta yi ta karkarwa a hannun uwar, sannan ta yi atishawa sau uku ta sulale. Ba hogen da ya faɗo a magaribar ranar. Da ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta dubi baƙon tsoho, ta ce da muryarta ta kullum, "Baba, ƙishirwa nike ji." Mannir ya juya ya fuskanci bango ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba.

Da sassafe ya sayo bulo da siminti. Bai taɓa riƙe cokalin gini ba, hannunsa ya yi kanta kafin hantsi, layin ya karkace ya rushe ya sake. Duk bulon da zai ɗora sai ya yi bisimilla, kuma bai yarda ya kalli kututturen ba. Ya ja tef ya auna ƙafa huɗu daga bango, ya sake aunawa har sau uku. Sannan mutumin da ya tayar da jijiyar wuya a rumfar dillalai kan kaurin bango ya ƙara taƙi guda a kai, don kada a ce ya yi ƙwange. Ya toshe ramin ƙarshe rana na dab da faɗuwa.

Ya aika wa Inna Hajjo gaskiyar girman ɗakin, bai faɗi dalili ba. Ko ta ji labarin ciwon jikarta ne, ko kuwa harbin makon nan ne ya yi kusa, Allah masani, bayan kwana tara sai ga ta a bayan a-kori-kura da gadonta da geronta. Gadon ya shiga bayan an kwance ƙafafunsa an sake ɗaurawa a ciki. Buhunan suka tare zaure, har sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Zakiyya ta ce ita a ɗakin uwarta za ta riƙa kwana, ba wanda ya ce mata don me. Inna ta zauna bakin gado ta dubi sabon bangon nan mai karkataccen layi, ta dubi ɗanta, ta ce ɗaki ya yi, Allah ya yi albarka.

Da almuru Mannir ya kawo mata ruwan alwala. Yana tsaye a ƙofa da buta, tarinta na tsufa ya taso mata, ta yi shi sau biyu ta share baki da gefen zane. Ɗakin ya yi shiru. Sai daga bayan sabon bango, ƙasa-ƙasa, daidai inda mai kwance zai sa kai, wata tsohuwar ta yi tari ita ma.

Butar ta kusa suɓuce masa. Inna Hajjo kuwa ko gezau. Ta ɗan karkata kai wajen bangon, kamar yadda take yi wa maƙwabciyarta ta kan danga a ƙauye, ta ce, "Sannu."